Faifan da Ya Tafi da Takardun Kaka

Kwamfutar shagona ta yi wajen wata uku tana faɗa mini faifanta zai mutu, ni kuwa ina ce mata ƙarya take yi. Da takardun kwastomomi ne kawai a ciki da ban zauna rubuta wannan ba, don katin biki in ya ɓata sai a sake buga wani. Abin da ke ciki rubutun hannun kakana ne, kuma a lokacin babu shi a ko'ina a duniya sai a cikin wannan baƙin akwati da ke ƙarƙashin teburina.

Shagon yana bakin kasuwar Rano, tsakanin wani tela da mai sayar da takin zamani. Aikina buga takardu: tambayoyin jarrabawa na malaman makaranta, takardar neman aiki, katin ɗaurin aure da na suna. Kwamfutar gwanjo ce, maigidana ya sayo mini ita a Kano tare da firinta da sikana. Na yi kwas na wata shida kafin in buɗe shagon, kuma in faɗi gaskiya, wata shidan nan sun hau mini kai. A layinmu duk wanda wayarsa ta rikice wurina yake kawowa, har na fara jin babu abin da ban sani ba.

Baffana, yayan mahaifina, yana wani ƙauye a gefen Kibiya. Malami ne, yana da makarantar allo a ƙofar gida, manya kuma suna zuwa ɗaukar karatun littattafai bayan la'asar. Tun da mahaifina ya rasu ina 'yar shekara tara, shi ne ubana. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, saboda haka bai taɓa kiran sunana ba, sai dai ya ce Uwata. A wurinsa takardun Kaka suke, cikin gafaka uku na fata da suka yi baƙi don tsufa. Wasu littattafan fiƙihu ne da Kaka ya kwafa da hannunsa lokacin yana ɗalibi, irin waɗanda yau za ka samu bugaggu a kasuwa. Sauran kuwa nasa ne na kansa: waƙoƙi da ajami, wasiƙu, da bayanan da ya riƙa yi wa ɗalibansa. Waɗannan ba a taɓa buga su ba.

Wata damina ɗakin da ake ajiye su ya yi yoyo, gara kuma ta biyo danshi. Da na je gaishe shi bayan kaka, na tarar ya baje takardun a kan tabarma yana ɗaga su ɗaya bayan ɗaya. Wasu da ka taɓa sai gefensu ya zube. Idonsa ya riga ya fara rauni, sai ya kai takarda dab da hanci kafin ya gane ko wace ce. Ni na kawo shawarar, ba wanda ya roƙe ni. Na ce ya ba ni su in kai Rano in ɗauki hotonsu da sikana, shafi bayan shafi. Ya amince, amma ya ce in yi alwala kafin in taɓa, kuma kada in ɗora su a ƙasa.

Mako biyar na yi ina wannan aiki a tsakanin ayyukan mutane. Ina iya karanta ajami, amma da ƙyar, sai na tsaya ina haɗa baƙi. Don haka ban karanta ba. In ɗora shafi, in rufe murfi, in danna, in juya. Gafaka ta farko folda ta farko, ta biyu ta biyu, ta uku ta uku. Da na gama na mayar masa da kayansa, na tafi da shafi huɗu da na buga a farar takarda don ya gani. Na ƙara musu girma. Ya riƙe ɗaya a nesa da fuskarsa, ya karanta layi biyu ba tare da ya matso da ita ba, ya yi dariya.

"Uwata, duka suna ciki haka?"

"Duka, Baffa. Ko ɗigo bai faɗi ba."

"Ruwa fa? Gara fa?"

"Abin da ya shiga kwamfuta gara ba ta cinsa. Kuma wuri biyu na ajiye. In ɗaya ya samu matsala ga ɗaya."

Da bakina na faɗi haka, ina wani ɗaga kai.

Abin da ban yi tunani ba shi ne abin da malami ke yi da takardar da ta ruɓe alhali akwai sunan Allah a jikinta. Ba a jefar da ita a juji, ba a kuma bari ta yi ta marmashewa iska na kwasa ana takawa. Ko a ƙona ta, ko a binne ta a wuri mai tsarki. Na san wannan tun ina yarinya. Shekaru Baffa yana jin nauyin ɓurɓushin da ke zuba daga gafakan nan zuwa ƙasa, abin da ya hana shi binnewa kawai shi ne babu madadinsu. To ga shi na ce masa akwai. Bayan mako biyu ya naɗe takardun duka a farin ƙyalle, ya sa aka haƙa rami a bayan masallacinsa, ya binne su da hannunsa. Ta waya ya faɗa mini, cikin jin daɗi, kamar wanda ya sauke kaya. Na ce masa Allah ya ba da lada. Ko gezau ban yi ba.

Niyyata in buga su duka in ɗaure su littafi. Tawadar firinta ta ƙare, na ce sai wata mai zuwa. Aikin jarrabawa ya zo, na ce sai an yi hutu. Haka har damina biyu suka wuce.

Da bazarar da ta biyo baya kwamfutar ta fara wani hali. Ina cikin bugu sai ta daskare, kibiyar linzami ta ƙi motsi, ta yi kamar minti ɗaya sannan ta farfaɗo. A kwas an taɓa nuna mana wani shafi inda kwamfuta ke rubuta duk abin da ya same ta, da rana da lokaci. Na lalubo shi na buɗe. Layuka ne jere, yawancinsu ba su da wata alama, amma tsakaninsu akwai masu ɗauke da tambarin gargaɗi, kuma duk maganarsu ɗaya ce: an nemi karanta wani gurbi a faifan ajiya ya ƙi karantuwa. Na gangara ƙasa. Na farko ya kai wata guda da faruwa. A makon farko sau biyu ya fito. A makon da nake ciki kuwa babu ranar da bai fito ba.

Na ɗauki hoton shafin da waya na tura wa wani mai gyara a Kano, wanda shi ya koya mana sashen gyare-gyare a kwas. Kowa Injiniya yake ce masa. Mutum ne mai magana a gajarce, kuma ba ya lallashi. Bai yi minti goma ba ya kira.

"Hajiya, tun yaushe wannan?"

"Wata guda. Amma ai tana aiki."

"Ban tambaye ki ko tana aiki ba. Saurara. In sau ɗaya ya fito ya ɓace, ba komai ba ne, ɗauke wuta ma yana kawo shi. Wani lokaci kebul ɗin da ya haɗa faifan ne ya saki, in an canja sai ya daina. Amma in kullum yana dawowa, yana ƙaruwa, kuma yana cewa gurbi ya ƙi karantuwa, to faifan ne ke cin kansa."

"Kwana nawa ya rage masa?"

"Ni na sani? Yana iya kai shekara, yana iya ƙin kai Juma'a. Akwai abin da ba kya so ki rasa a ciki?"

"Akwai, amma wuri biyu na ajiye."

"To madalla. Duk da haka ki zo ki sayi sabo, ki kwashe kayanki tun yana ba ki."

Daga duk wannan bayani, kalma ɗaya kunnena ya ɗauka, kebul. Ita ce mai sauƙi, ita na zaɓa. Zuwa Kano yana nufin rufe shago yini guda, ga tambayoyin makarantu uku a kan tebur, kowane hedimasta yana aiko a tambaya ko an gama. Na ba wani direban motar Kano saƙo ya taho mini da kebul. Na buɗe gefen akwatin kaɗan, na zura hannu na zare tsohon na sa sabon, ban ko leƙa ciki da kyau ba. Kwana huɗu gargaɗin bai fito ba. Wallahi har na yi niyyar kiran Injiniya in ce masa ya cika tsorata mutane.

Rana ta biyar ya dawo, sau shida kafin azahar.

Daga nan na shiga wata ɗabi'a da har yau ban gane kanta ba. Kullum da safe in na kunna kwamfutar, sai na buɗe shafin na ƙirga layukan jiya. In sun yi ƙasa da na shekaranjiya in ce ai sauƙi na samuwa. In sun fi in ce zafi ne, ko janareta ne ba ya ba da wuta daidai. Na sayo ƙaramar fanka na kafa wa akwatin. Na sa aka ɗora shi a kan bulo. Na yi masa komai ban da abin da aka ce in yi. Ba rashin sani ba ne, na karanta gargaɗin na kuma fahimce shi. Abin da ke kwantar mini da hankali shi ne in na buɗe kwamfutar ina ganin hoton faifai biyu, ɗaya an rubuta masa C, ɗaya D, kuma takardun Kaka suna cikin kowanne. Wanda ya sayar wa maigidana da ita ya ce a riƙa ajiye muhimman abubuwa a na biyun, ko an goge kwamfutar ba zai taɓu ba. Sai na ce a raina, in na farkon ya mutu ya mutu mana, sai me?

Wata ranar kasuwa da hantsi, shago cike, na ji wata 'yar ƙara daga ƙarƙashin tebur, ƙas, ƙas, ƙas, ta yi shiru, ta sake. Na ɗauka fankar ce ta taɓa wani abu. Na kashe fankar, ƙarar ba ta daina ba. Na sallami mutanen da ke jira, wani malami yana ta mita wai gobe ne jarrabawarsa, na ce ya je ya rubuta a allo. Na fita da kaina na sayo filashi mafi girma da na samu a kasuwar, na dawo na fara kwafa.

Nan ma na sake wauta. Maimakon in fara da folda ta uku, inda waƙoƙi da wasiƙu suke, sai na haɗa duka ukun na ja su lokaci guda, kwamfutar kuwa ta fara daga farko kamar yadda ta saba. Shafi ɗaya yana ɗaukar lokacin da a da yake isa a kwafi ɗari. Ina zaune ina kallon koren layin yana rarrafe. Aka yi azahar, aka yi la'asar. Ta gama folda ta farko, ta shiga ta biyu kaɗan, sai ta tsaya cak. Na jira rabin awa. Na kashe na kunna. Baƙin allo ya fito da ɗan rubutu fari, yana cewa bai ga faifan da zai tashi da shi ba.

Ko a lokacin ban karaya ba. Washegari na rungumi akwatin a cinya a motar Kano, ina ce wa kaina na biyun yana nan lafiya. Injiniya ya kwance murfin gaba ɗaya ya ajiye a gefe, ya zaro faifan, ɗan ƙarfe kamar tafin hannu, ya kara a kunne bayan ya ba shi wuta. Ya girgiza kai.

"Wannan ya tafi."

"Na sani. Ciro mini ɗayan."

"Wane ɗayan?"

"Na biyun. Wanda na ce maka na ajiye a ciki."

Ya juyo da akwatin ya fuskance ni, ya haska da fitilar waya. Babu komai a wurin sai wayoyi da ƙura.

"Hajiya, faifai ɗaya ne a kwamfutar nan. Raba shi aka yi gida biyu, shi ya sa kike ganin biyu. Rumbu ɗaya ne aka yi wa katanga a tsakiya. In wuta ta kama ba ta tambayar katanga."

"Amma na faɗa maka wuri biyu na ajiye, ka ce madalla!"

"Kin ce wuri biyu. Na ɗauka kin san me wuri biyu ke nufi. Ba ke kika yi kwas ba?"

Na so in yi masa rashin kunya, bakina har ya buɗe. Sai na tuna abu ɗaya. Da kaina na zura hannu cikin akwatin nan na canja kebul, kebul ɗaya tak, ban tambayi kaina ina na ɗayan yake ba. Na nemi benci na zauna.

Ya riƙe faifan kwana tara. Ya yi iya ƙoƙarinsa, wannan ba zan hana shi ba. Abin da ya samo ya zuba mini a filashi: katunan biki rututu, har da na auren da ya riga ya mutu, tambayoyin lissafi na aji uku, da hotunan takardun Kaka kaɗan, yawancinsu rabin shafi ne, ƙasansu toka-toka babu komai. Daga folda ta uku shafi bakwai ne suka fito cikakku, kuma ba a jere suke ba. Wanda na kwafa da kaina ranar kasuwa kuwa, littattafan fiƙihun nan ne da ake sayarwa a kowane shagon littattafai.

Na yi mako biyu ban je Kibiya ba. Baffa ya kira sau biyu, na gaishe shi na ce aiki ne ya yi yawa. Maigidana ne ya ce mini, in ban je na faɗa da bakina ba, ranar da zai aiko a buga masa wani shafi zan faɗa, kuma ranar ta fi muni. Na ji haushin maganar don gaskiya ce. Ranar Juma'a da safe na hau adaidaita sahu.

Na same shi a tsakar gida a gindin darbejiya, babu karatu ranar. Na durƙusa na gaishe shi, ya tambayi maigida da yara da kasuwa. Na ajiye shafi bakwai ɗin a gabansa, na faɗa masa komai, har da gargaɗin wata uku da yadda na yi kunnen uwar shegu da shi. Ban rage wa kaina laifi ba, don na san in na fara ragewa ba zan tsaya ba. Bai katse ni ba. Da na gama ya ɗauki shafukan ya shafa su da yatsa, bai kai su ido ba.

"Na gafaka ta ukun, duka?"

"Sai waɗannan, Baffa."



"Ko za a tona ramin," na ce, "wataƙila a samu wani abu."

"Damina biyu, Uwata. Takardar da ko a ɗaki ba ta iya riƙe kanta." Ya ajiye shafukan a kan cinyarsa. "Kuma abin da na binne da bismilla ba na tona shi."

Na jira faɗa. Da ya zage ni da na ji sanyi, wallahi. Bai yi ba. Ya ce Allah ya ƙaddara, kuma shi ma da gaggawarsa, ya kamata ya jira ya ga littafin a hannu. Wannan ɗaukar rabin laifin da ya yi ita ta fi yi mini ciwo, sai kawai na fara kuka, ni da ban yi ba a Kano, ban yi ba a gida. Ya bar ni na yi. Sannan ya ce:

"Kina da biro a jakar nan?"

Ina da shi. Aka samo mini littafin rubutu na makaranta daga cikin gida. Ya gyara zama ya ce akwai waƙoƙin da ya haddace tun yana saurayi, ba duka ba, amma a fara da abin da ke akwai. Zai fara da wadda Kaka ya yi a shekarunsa na ƙarshe, wasiyya ce ga 'ya'yansa maza su biyar, kowanne da baitocinsa, daga babba zuwa ƙarami. Ban taɓa sanin akwai ta ba. Ta wuce ta hannuna, na ɗora ta a sikana na juya ta kamar sauran.

Ya fara rerawa a hankali, ina rubutawa da boko. Nasa baitocin suka zo a farko, bai yi tuntuɓe ko ɗaya ba. Na mai bi masa ma haka. A na uku ya tsaya sau biyu ya gyara kalma. Na huɗu ya kawo baiti uku ya ce yana jin akwai na huɗu, amma a wuce. Sai ya ja numfashi ya ce saura na autansu, wato mahaifina.

Ya buɗe baki, baitin ya ƙi zuwa. Ya koma baitin ƙarshe na ɗan'uwa na huɗu ya rero shi da sauri don ya ja na gaba, ya zo wurin ya tsaya. Ya koma tun daga farkon waƙar, ya bi ta duka, ya zo wurin ya sake tsayawa. Ina riƙe da biro a kan layi.

"Nasa sun fi na kowa yawa," ya ce. "Yana ƙarami lokacin, Malam mahaifinmu yana tausayinsa. Na tuna ya ambaci yadda yake bin sa gona." Ya murza goshinsa. "Ban riƙe su ba. Na ɗauka shi zai riƙe abinsa."

Na ce ba komai, Baffa, a hankali zai dawo.

"Bar fili," ya ce. "Bar kamar shafi biyu, mu shiga wata."

Na ƙirga shafi biyu na juya, na rubuta bismilla a saman na uku. Kafin damina ta sauka na koma Kibiya sau huɗu da littafin, mun cika fiye da rabinsa da wasu waƙoƙin. Duk zuwa sai ya ce mu fara gwada waccan tukuna, ya rero ta tun daga farko, kuma a wuri ɗaya yake tsayawa.